Mai Ƙafa Da Mai Keke A Garin Tireloli

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu wakilan masarautu, malamanmu, shugabannin kasuwa, dillalai da masu masauki, direbobi da 'yan lodi, 'yan'uwana matasa, ina yi muku barka da war haka. An ce in yi magana a kan yadda Turawa suke tafiya a ƙasa da hawan keke a harkokinsu na yau da kullum, da abin da ya shafe mu a ciki. Na ga wasu sun murmusa da aka karanta taken. Suna da gaskiya. A Potiskum, garin da ake lissafin arzikin mutum da yawan tirelolinsa, a kasuwar da shanu ke shigowa daga Nijar da Chadi da Kamaru su fita zuwa Legas da Anacha da Fatakwal, wa zai tara dattawa ya ce zai yi musu zancen keke? Ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, in na gama ku yi hukunci.

Da farko, ba duk Turawa ne mahaya keke ba, kada wani ya ruɗe ku. A wani binciken jin ra'ayi da Tarayyar Turai ta yi a 2014, kashi 8 cikin ɗari ne kawai na mutanenta suka ce keke shi ne abin hawan da suka fi amfani da shi a rana. Amma da aka rarraba ƙasa-ƙasa sai bambanci ya fito fili: a Holan kashi 36, a Denmak kashi 23, a Hungari kashi 22, alhali a irin su Fotugal da Girka da Malta abin bai taka kara ya karya ba. A Ingila tafiye-tafiyen da ake yi a keke ba su wuce kashi 2 cikin ɗari ba. A Jamus, ƙidayar da gwamnati ta yi a 2017 ta nuna kashi 22 na tafiye-tafiye a ƙasa ake yin su, kashi 11 a keke, fiye da rabi kuma a mota. Wato ko a can mota ce sarauniya a yawancin wurare. Ƙasashe ƙalilan ne suka fita zakka, kuma labarin yadda suka fita zakkar shi ne abin da ya kawo ni gabanku.

Holan ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 18, amma kekunan da ke cikinta sun kai miliyan 23. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk wata fita da mutum zai yi daga gida, a keke yake yin ta. Suna da hanyoyin keke na musamman da tsawonsu ya haura kilomita 35,000. A tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht akwai wurin ajiye keke mai ɗaukar 12,500, wanda aka kammala a 2019. Mark Rutte, wanda ya yi shekara goma sha huɗu yana firaministansu, a keke yake zuwa ofis sau da yawa, kuma ranar da ya miƙa mulki a watan Yulin 2024 kekensa ya hau ya tafi gida. A Kopenhagen, babban birnin Denmak, kusan mutum shida cikin goma na mazauna birnin a keke suke zuwa aiki ko makaranta, da ruwa da iska da ƙanƙara.

Wani zai ce ai haka Allah ya yi su, al'adarsu ce. Ba haka ba ne. Bayan yaƙin duniya na biyu da kuɗi suka shigo hannunsu, su ma mota suka rungume kamar kowa. Aka rushe tsofaffin unguwanni aka shimfiɗa tituna, aka mai da filayen kasuwa wurin ajiye motoci, mai keke ya koma abin tausayi. Sai gawa ta fara yawa. A 1971 kaɗai mutum sama da 3,000 suka mutu a hatsarin mota a Holan, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye mata suka fito kan titi da 'ya'yansu suka tare hanya, suna cewa a daina kashe musu yara. Ana cikin haka, a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Holan mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin shekarar, har gwamnati ta hana fita da mota a ranakun Lahadi. Mutuwar yara da tsadar mai, abubuwa biyun nan su suka tilasta wa hukumomi sake tunani. Daga nan aka fara ware wa keke hanyarsa da dakali tsakaninta da ta mota, aka rage gudu a cikin unguwanni, aka hana manyan motoci ratsa tsakiyar gari. Birnin Groningen ya yi nasa tsarin a 1977, 'yan kasuwa suka yi ta kuka cewa ciniki zai mutu. Bai mutu ba.

Ku riƙe waɗannan dalilai biyu, don duka biyun suna nan a ƙofar wannan kasuwa.

Idan tafiyar ƙasa ce, babu Baturen da zai koya mana. Kafin tirela, da ƙafa ake kora shanun nan zuwa kudu, makonni ana bin burtali, ana kwana a daji, ana ƙetare koguna. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 sai wasu suka riƙa korawa can a yi lodi, amma ko zuwa Ngurun ai da ƙafa ne. Fatakenmu sun taka har Gwanja neman goro. Alhazan da, ta ƙasar nan suka bi suka ratsa Barno da Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suka yi a hanya. Yau ma, duk ranar Laraba tun da sassafe, ku dubi hanyar Nangere da ta Mamudo da ta Danchuwa: Bafulatani da sandarsa a kafaɗa yana biye da bijimai biyu, mai nono da ƙwarya a ka, yaro yana jan tunkiya, mai baro, mai amalanke, ɗan ga-ruwa da kurarsa. Wani rahoto da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2022 ya ce mutum kusan biliyan ɗaya a Afirka suna tafiya a ƙasa ko a keke na kimanin minti 56 kowace rana. Mun fi Turawa tafiya nesa ba kusa ba.

Bambancin shi ne, shi Baturen Holan zaɓa ya yi, yana da motarsa a gida ya bar ta. Namu kuwa dole ce ta sa shi, kuma yana tafe yana jin kunya, yana addu'ar Allah ya kawo ranar da zai rabu da wannan wahala. Na biyu, shi an yi hanyar da shi a zuciya, namu kuwa ba a san da zamansa ba. Dubi manyan hanyoyin da suka haɗu a Potiskum: ta Kano da Azare, ta Bauchi da Jos, ta Damaturu da Maiduguri, ta Gashuwa, ta Fika da Gombe. Haɗuwarsu ita ce arzikin garin, ita ta mai da shi cibiyar shanu da hatsi da sufuri. Amma ina rabon mai ƙafa a cikinsu? Gefen titin da ya kamata ya bi, tirela ta tsaya a kai, ko mai shago ya baza kayansa, ko ruwa ya cinye shi ya bar rami. Sai ya hau kwalta, ya haɗa kafaɗa da motar da ta ɗauko buhu ɗari shida. In aka buge shi a ce tsautsayi ne. Tsautsayi gaskiya ne, mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya ajiye tirela a kan hanyar mutane da daddare babu fitila babu alama, shi ma akwai tambayar da ke jiransa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, duk da ita ce mafi ƙarancin motoci. Abin da ke kisa gudu ne. Mutumin da mota ta buge tana tafiyar kilomita 30 a awa, galibi yakan tashi. Wanda ta buge tana 60 ko fiye, sai dai wani ikon Allah. Shi ya sa birnin Faris ya mai da iyakar gudu kilomita 30 a yawancin titunansa tun watan Agustan 2021. Ba wata fasaha ba ce mai tsada, shawara ce kawai aka yanke aka tsaya a kanta.

Akwai abin da muka gani da idonmu wanda na tabbata Holan ba ta taɓa ganin irinsa ba. A ƙarshen 2011 aka sa dokar ta-ɓaci a wasu ƙananan hukumomi, har da Potiskum, kuma ba a daɗe ba aka hana hawan babur. Shekaru ne masu ɗaci. A watan Mayun 2012 aka kai hari a wannan kasuwa da muke zaune, aka rasa rayuka da dukiya masu yawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Dokar babur ta yi shekara kusan goma kafin gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗage ta. Ba na yabon dokar, kuma ba na fatan a sake ganin dalilin da ya kawo ta. Mutumin ƙauye ya sha wuya ƙwarai: mai naƙuda a amalanke, manomi mai gona a nesa, ɗan acaɓa da ya wayi gari ba sana'a. Amma a cikin wannan wuya an ga wani abu. Kekunan da suka yi shekaru a zaure suna tsatsa aka fito da su aka shafa musu mai. Malamin makaranta ya hau, ma'aikacin asibiti ya hau, ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya suka hau, dillali ya ɗaure igiyoyinsa a kariya ya nufi ƙauye. Mai gyaran keke ya zama mutum mai layi a gabansa. Kuma babu wanda ya yi wa wani dariya, tunda kowa a kai yake.

Wannan ya rushe hujjar da aka fi kawowa, cewa garinmu bai dace da keke ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara. Daga kowace unguwa zuwa wannan kasuwa, mai keke da ke tafe a hankali, kilomita biyar a minti ashirin, ba zai makara ba. Rana dai akwai ta, ban musa ba. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma wanda ya ce ka taka keke da azahar a lokacin bazara ba masoyinka ba ne. Amma yawancin zirga-zirgarmu ta safe ce da ta yamma. Kuma ku tambayi waɗanda suka je Wagadugu a Burkina Faso, garin da zafinsa bai gaza namu ba: keke ko'ina, maza da mata, an ware masa gefensa a manyan tituna, har gasar tseren keke ta ƙasa suke yi tun 1987. Haka Tamale a arewacin Gana, inda 'yan'uwanmu Hausawan zango suke da yawa. Ba sai mun je Turai neman misali ba.

Da aka ɗage doka me ya faru? Kowa ya jingine kekensa ya ruga wajen mai babur, wasu har da cin bashi. Ban ga laifinsu ba, babur ya fi sauri, ya fi ɗaukar kaya. Sai ga 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Abin da ya sami Holan a 1973 ya same mu, sai dai namu ba na 'yan watanni ba ne. Ku yi lissafi da kanku, ku 'yan kasuwa ne. A ce mutum yana kashe naira 1,000 a rana tsakanin mai da kuɗin Keke Napep, kwana 26 a wata. Naira 26,000 ke nan, a shekara ya haura 300,000. Nawa ne keke? Nawa ne faci da man sarƙa da sabuwar taya sau ɗaya a shekara?

To me ya hana? Ni a ganina girman kai ne da tsoro, kuma girman kan ya fi ƙarfi. Dattawan da ke nan sun san lokacin da Raleigh ke da daraja, lokacin da ake haɗa shi a masana'anta a Kano, ango ya yi masa ado da madubi da ƙararrawa biyu, malamin gona ya shigo gari a kansa yara na bin sa a guje. Daga baya Phoenix na China da Hero na Indiya suka cika kasuwa. Kuɗin mai na shekarun 1970 su suka sauya mana ido, keke ya koma alamar wanda bai samu ba. Yau saurayi ya gwammace ya ci bashin babur da a gan shi a keke a ƙofar gidan su yarinya. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma keke, har yana hawa zuwa taron majalisar ministoci a Abuja. Aka yi ta yi masa ba'a, ƙarshe wata bas ta ture shi cikin kwata. Mutane suka ce ga irinta nan. Amma darasin da ke ciki ba wanda aka ɗauka ba ne: maganarsa daidai ce, hanyar ce ba a gyara ba kafin a ce mutane su hau. Kira ba ya isa. Uba ba zai saki ɗansa ɗan shekara goma ya bi hanyar Damaturu a keke ba don minista ya yi jawabi.

Ina so in yi wa iyayena alhazai magana ta musamman, da ladabi. Da yawanku kun fara da ƙafa, kun bi shanu kasuwa-kasuwa, jikinku kamar ƙarfe. Da Allah ya buɗa sai zama ya zo: daga gida mota, daga mota rumfa, daga rumfa mota, ko masallacin da ke bayan gida sai an tayar da inji. Hawan jini da ciwon suga ba su san girman riga ba. Likitoci sun ce minti 150 na motsa jiki a mako, wato kamar rabin awa a rana, kwana biyar a mako, yana rage haɗarin waɗannan cututtuka sosai. Baturen Denmak ba ya ware lokaci don wannan, a hanyar zuwa aiki yake samunsa. Mu kuma malamanmu sun sha faɗa mana ladan da ke cikin takawa zuwa masallaci, da ladan kawar da abin cutarwa daga hanya. Ba baƙon abu na kawo muku ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba, kuma yawancinsa ba sai an jira Abuja ba. Mafi girma shi ne tireloli su sauka daga gefen titi. Wannan aikin ƙungiyoyin direbobi ne da masu motoci da ƙaramar hukuma, kuma masu motocin a nan suke, 'ya'yansu ne ke bin hanyar zuwa makaranta. A ranar kasuwa a ware ƙofar shigar dabbobi da masu ƙafa daban da ta lodi, a sa 'yan ƙungiya su tsaya a kai. Wanda ya iya tsara layin lodin tirela ɗari ba zai kasa wannan ba. Duk inda hanya ta ratsa gaban makaranta ko asibiti ko kasuwa a yi tudun rage gudu na ƙa'ida mai fenti, ba irin wanda matasa ke tarawa da ƙasa bayan an kashe musu ɗan'uwa ba.

Sai inuwa. A ƙasarmu itace shi ne rabin hanyar mai ƙafa. Dalbejiyar da aka shuka a tsofaffin unguwanni shekaru da dama da suka wuce har yau ita ake sha, amma sababbin tituna sai kwalta da rana tsirara. In kowane mai rumfa da kowane mai gida a bakin titi ya shuka biyu ya kewaye su daga awaki ya ba su ruwa rani biyu, cikin 'yan shekaru yaro zai taka daga gida zuwa makaranta a ƙarƙashin ganye. A bakin ƙofar kasuwa kuma a yi rumfar ajiye kekuna da mai gadi da lamba, don tsoron ɓarawo na cikin abin da ke sa mutum ya bar kekensa a gida. Ƙungiyoyin kasuwa da ke iya haɗa kuɗin sayen mota za su iya sayo kekuna a sari su ba yaran shago da 'yan dako su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Su kuma mahaya, a manna abin ƙyalli a baya, a sa fitila, a gyara birki, a daina bin hannun da ba naka ba. Direban da ke saman tirela ba ya ganin baƙin keke da magariba, ko da yana da niyyar kauce masa.

Maganar 'yan mata na bar wa iyaye da malamai, su suka fi ni sanin abin da ya dace. Abin da zan ce kawai, akwai yarinyar da nisa da kuɗin mota ne suka raba ta da makarantar sakandare, kuma ya kamata a zauna a duba.

Injiniyoyi da 'yan majalisa da ke wurin nan, duk kwangilar titin da za ta zo gabanku a cikin garin Potiskum, ku tambaya ina mai ƙafa zai bi, ina mai keke zai bi, ina mai kora dabba zai ƙetare. In babu amsa a takarda, kada ku sa hannu. Ku kuma manyan gari, shugaban makaranta, limami, babban dillali, mai tireloli, mutum ɗaya daga cikinku ya fito a keke ranar Laraba ya fi laccata goma amfani, domin ranar ce yaron shagonsa zai daina ɓoye nasa a bayan rumfa. Ina roƙon shugabannin kasuwa da na direbobi su sa maganar gefen titi da ƙofar masu ƙafa a zamansu na gaba, kada ta wuce wannan wata.